Malam Abdullahin Gwandu: Malamin da ya zaunar da masu mulki da alƙalai gaban karatu

A ƙarshen shekarar 1807 rundunar jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kama hanyar Alƙalawa, babban birnin Gobir. A wannan tafiya ce babban wazirin Shehu, kuma ƙanensa, ya fita daga cikin runduna tare da mutum biyar, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka.

Wannan waziri shi ne Malam Abdullahi Ɗanfodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Babu mai cewa tsoro ne ya fitar da shi, domin shi ya jagoranci mayaƙa a Tafkin Kwatto a 1804, shi ya kuma ci Birnin Kebbi a 1805. Halin mutanen da yake tare da su ne ya ishe shi.

Bai kai Makka ba. Mutanen Kano suka tsare shi, suka nemi ya koyar da su yadda za su riƙe mulkin da ya faɗo hannunsu. Ɗalibansa a can manya ne masu gemu, masu iyali, masu riƙe da muƙamai.

Tambayar da ta sha gabansa a lokacin tana nan har yau: yaya ake gyara halin mutumin da ya riga ya girma, ya kama aiki, jama'a kuma suna ƙarƙashinsa? Tambaya ce da ta shafi malamin firamare a Illo ko Kaoje, ta shafi alƙali da ma'aikacin asibiti. A wasu ƙasashe ma an mayar da ita fannin karatu na digiri na biyu.

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Abdullahi a shekarar 1180 bayan Hijira, wato wajen 1766, a gidan malamai na Fulani Toronkawa. Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Mahaifinsu, Muhammadu Fodiyo, shi ya fara koya masa Alƙur'ani.

Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi hannun yayansa. A wurin Shehu ya karanta littattafan farko na fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi da Risala. Ya karanta Ajuruma a nahawu, da Ishiriniya, da waƙoƙin Larabawan jahiliyya, da littattafan tauhidi na Sanusi, ya kuma saurari tafsiri daga Fatiha har Nasi ba sau ɗaya ba.

Bai tsaya a gida ba. Shi da Shehu sun karanta Sahihul Buhari a wurin kawunsu Muhammadu ɗan Raji bayan ya dawo daga Hajji. Sun je wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunanin Shehu. Cikin malamansa har da Ibrahim Albarnawi da Ibrahim Almandari, waɗanda sunayensu kaɗai ke nuna nisan inda ilimi ke fitowa a lokacin.

An san duk wannan ne saboda shi da kansa ya rubuta. A 1812 ya wallafa Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa, da littafin da ya karanta a wurin kowannensu. A tsarin makarantun zaure wannan ita ce takardar shaida. Ana auna malami da sunan wanda ya zauna gabansa, da littafin da ya sauke a hannunsa.

Daga Zamfara zuwa Illo

Shehu ya fara wa'azi a wajen 1774, ƙanensa kuma ya zama abokin tafiyarsa tun yana saurayi. Sun shafe kimanin shekara biyar a Zamfara suna bin garuruwa. Masu sauraronsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da matan aure, mutanen da ba za su iya barin sana'a su tare a makaranta ba. Karatun ne yake zuwa ya same su.

A wannan zagaye ne wani malami ɗan asalin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa yana sukar Shehu kan barin mata suna zuwa wurin wa'azi. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa, alhali shekarunsa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Amsar tasa ta ginu a kan cewa ba cakuɗuwa ake yi ba, kuma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni a kan abin da ake gudu. Wannan matsayi ne 'yar ɗan'uwansa, Nana Asma'u, ta ɗora a kai daga baya, lokacin da ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana horar da jajis su koma ƙauyuka su koyar da mata.

A farkon shekarun 1790 suka juya yamma. Suka ratsa ƙasar Kabi suna kira ga gyaran imani da ibada, har suka isa Kogin Kwara, suka ƙetare shi, suka shiga Illo.

Illo a yau tana cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. A wancan lokaci babu wannan iyaka. Sai a yarjejeniyar 1898 ce Ingila da Faransa suka raba yankin, Illo ta faɗa ɓangaren Ingila, Nikki ta faɗa na Faransa. Ke nan fiye da shekara ɗari kafin a shata layin da ya raba Lolo da Madekali, wa'azin mutanen Degel ya riga ya isa wannan gaɓa ta kogi. Labarin tafiyar yana cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813.

Malami a fagen fama

Yawan jama'ar Shehu ya fara damun sarakunan Gobir. Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi ban da Shehu, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa abin ya kai ga zare takobi. A watan Fabrairun 1804 jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne kuma na farko da ya miƙa hannu.

A watan Yunin wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, rundunar da Abdullahi ke jagoranta ta rinjayi ta Yunfa duk da ƙarancin dawakai. Amma kafin shekara ta ƙare sai aka yi wa jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 suka kwanta dama.

A watan Afrilun 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Wannan ne ya buɗe wa jama'a hanyar komawa Gwandu da zama. Kabawa ba su manta da wannan rana ba. Gabar da ta biyo baya tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato ta ɗauki kusan ƙarni guda, kuma duk mai ba da tarihin Malam Abdullahi ya kamata ya san cewa a wasu gidajen Kebbi da yaƙi aka fara saninsa kafin littafi.

A ƙarshen 1805 aka sake shan kashi a Alwasa. Kafin wannan yaƙi mayaƙan jama'a sun washe garin Kwalde, wanda ba ya gaba da su, duk da ƙoƙarin da Abdullahi da Muhammadu Bello suka yi na hana su.

Abin da ya sa ya bar runduna

Yaƙe-yaƙen nan sun cinye da yawa daga cikin ɗaliban farko, waɗanda suka yi shekaru suna karatu da tarbiyya a Degel. Waɗanda suka maye gurbinsu sun shigo ne bayan nasara ta fara bayyana. Suna da takobi, suna da rabo a ganima, wasu har an ba su garuruwa, amma ba su taɓa zama gaban malami na dogon lokaci ba.

Malam Abdullahi bai tsaya ga cewa mutane sun lalace ba, sai da ya lissafa abin da idonsa ya gani ɗaya bayan ɗaya: neman muƙami, tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, cin hanci, cin dukiyar ganima ba bisa ƙa'ida ba, shagala da kiɗa, sayar da 'ya'ya a kasuwa kamar bayi, sakaci da masallatai da makarantu, da mutanen da ke zama kan buzun alƙalanci ba su cancanta ba.

Ya duba ya ga yawancin abokansa na gaskiya sun rasu, shi kuma an bar shi cikin waɗanda ba ya iya tanƙwarawa. Sai ya zaɓi ya bar musu. Shi da abokan tafiyarsa biyar suka kwana uku a daji ba su haɗu da kowa ba, sai sawun giwaye, kafin su fito inda mutane suke. Daga nan suka kai Kano.

Makarantar Kano

Kano a lokacin sabuwar shiga ce hannun masu jihadi. An kawar da Sarki Alwali, an naɗa Malam Sulaimanu. Shugabannin jama'a suna da birni mai kasuwa da dukiya a hannunsu, amma tsarin da za su tafiyar da shi bai zauna ba. Malam Abdullahi ya tarar da irin abin da ya gudo wa, ya kuma faɗa musu haka.

Suka roƙe shi ya zauna ya rubuta musu abin da za su riƙa dubawa. Ya rubuta Diya'ul Hukkami. Littafin ya yi bayanin hukuncin hijira, da yadda ake naɗa shugaba da abin da ke wuyansa, da muƙaman da ke ƙarƙashinsa irin su waziri da alƙali da mai kula da kasuwa, da ƙa'idojin yaƙi, da yadda ake bin shari'a wajen hukunta masu laifi. Ya ɗebo daga malaman da suka gabata, har da Shehu Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasihar mulki kimanin shekara 300 kafin nan.

Bai miƙa musu littafi ya wuce ba. Ya zauna ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani gaba ɗaya. Ya kuma ba da labarin sauyin da ya gani da idonsa: sun farfasa kayan kiɗa, sun mayar da itatuwan ganguna komin da dawakai ke cin abinci a ciki.

Akwai abin lura a wannan zama. Ɗaliban ba su ajiye aikinsu ba, suna karatu suna mulki. Abin da aka koya musu ya shafi aikin da ke hannunsu kai tsaye. Malamin kuma bai auna nasararsa da yawan waɗanda suka taru ba, ya auna ta da abin da ya canza a aikace.

Daga Kano ya fasa tafiya Makka, ya koma wurin yayansa. A watan Oktoban 1808 Alƙalawa ta faɗi. Bayan haka ya jagoranci runduna ya sake ƙetare Kwara wajen ƙasar Gurma, kogin da ya taɓa ƙetarewa a matsayin mai wa'azi.

Littafi daidai da mai karatu

Da Shehu ya koma Sifawa, Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, har ake masa laƙabi da Mai Boɗinga. A nan da kuma Gwandu ya yi mafi yawan rubutunsa.

Babban aikinsa shi ne tafsirin Diya'ut Tawili, wanda ya kammala a wajen 1816, aka buga shi a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu. Tafsiri ne na manyan malamai, cike da nahawu da balaga da saɓanin ƙira'o'i da na mazhabobi. Da ya ga ya yi wa ɗalibai da yawa nauyi, sai ya sake rubuta wani mai sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, ya taƙaita shi a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya, waɗanda mutanen ƙasar nan suka saba da su.

Haka ya yi a ilimin Larabci. Ya tsara nahawu a waƙe cikin Albaharul Muhiɗ, mai baiti fiye da dubu huɗu, ya tsara sarfu cikin Alhisnur Rasin. Mayar da ilimi waƙa dabara ce ta koyarwa a ƙasar da takarda ke da tsada, littafi kuma sai an kwafa da hannu. Abin da mutum ya haddace yana tare da shi a gona, a kasuwa da kan hanya.

Ga masu riƙe da mulki kuwa, bayan Diya'ul Hukkami ya ƙara da Diya'us Siyasati da Diya'us Sulɗan da wasu. Ga mai neman gyaran zuciya ya rubuta irin su Tahzibul Insani. Kowane rukuni na mutane da littafin da ya yi daidai da shi.

Ladubban sana'a da tarbiyyar yara

Littafin da ya fi kusa da batun horar da ma'aikata shi ne Lubabul Madkhali. Taƙaitawa ce ta Almadkhal na Ibnul Hajji, malamin Malikiyya da ya rasu a Alƙahira a 1336. Asalin littafin yana bin mutane sana'a sana'a, daga malami da ɗalibi da liman da ladan, zuwa manomi da masaƙi da tela da ɗan kasuwa, yana faɗa wa kowa niyyar da zai fita da ita da abin da zai kiyaye a bakin aikinsa.

Almadkhal ya ware wa malamin yara nasa babi. Ya ce a daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Ya hana malami aiken ɗalibai hidimar kansa. Ya nuna cewa yara ba ɗaya ba ne: wani ɗaure fuska kaɗai ya ishe shi, wani sai an tsawata masa. Duka shi ne matakin ƙarshe, kuma an sa masa iyaka, kada ya wuce bulala goma.

Tun kafin jihadi ma, Malam Abdullahi ya tsara Alfara'idul Jalila a kan ilimin Alƙur'ani, wanda ya haɗa da hukunce-hukuncen koyar da shi. Ke nan tun yana ɗan shekara talatin yake ganin cewa iya karatu daban, iya karantarwa daban, kuma na biyun ma sai an koya.

Saɓani, Gwandu da Kalambaina

Malam Abdullahi mutum ne mai tsauri a kan nassi, har ya saɓa wa yayansa a wasu mas'aloli: kiran shugaba da sunan sarki, halaccin wasu kayan kiɗa, da sanya tufafin alfarma da aka samu a ganima. Shehu ya fi sassauci. Sun yi wannan muhawara a rubuce, littafi yana amsa littafi, ba tare da zumunci ya yanke ba. Shehu da kansa ya shawarci ɗalibai su karanta littattafan ƙanensa saboda tsayuwarsa kan zahirin shari'a.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. Da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato. Malam Abdullahi, wanda ya girmi Bello kuma shi ne babban waziri, ya koma Gwandu, tsakaninsu ya yi sanyi na wasu shekaru.

Tawayen Kalambaina ne ya sake haɗa su. Da abin ya yi tsanani Bello ya kawo wa baffansa ɗauki, aka ci garin. Masu ba da tarihi sun ce da suka haɗu Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi.

Daga nan ya janye daga harkar mulki ta yau da kullum. Ya bar ta hannun ɗansa Muhammadu da ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, ya koma ga koyarwa da rubutu.

Yadda zamani ya ɗauki batun

Fiye da ƙarni guda bayansa, masana a Amurka suka tunkari gyaran hali ta wata hanya daban. B. F. Skinner na Jami'ar Harvard, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1990, ya yi gwaje-gwaje da ɓeraye da tantabaru, ya nuna cewa abin da ke biyo bayan aiki shi ke sa a maimaita shi ko a bari. Ya kuma nuna cewa horo yakan danne hali ne na ɗan lokaci, ba ya koya wa mai shi abin da zai yi a madadinsa.

A 1968 wasu malaman Jami'ar Kansas, Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley, suka shimfiɗa ƙa'idojin amfani da wannan ilimi a kan mutane. Fannin shi ake taƙaita sunansa da ABA, wato nazarin ɗabi'a a aikace. Mai wannan aiki yakan zaɓi hali guda da ake iya gani, ya ƙirga sau nawa yake faruwa, ya duba abin da ke gabatarsa da abin da ke biyo bayansa, sannan ya koyar da hali mai kyau da zai maye gurbinsa, yana ƙarfafa shi da yabo ko lada. An fi amfani da shi wajen yara masu larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, da kuma cikin azuzuwa da wuraren aiki. Fannin yana da masu sukarsa, musamman kan tsauraran hanyoyin horo da aka yi amfani da su a farkonsa.

A 1998 aka kafa hukumar BACB mai ba da shaidar ƙwarewa. Babbar shaidarta tana buƙatar digiri na biyu, da aiki na sa'o'i 1,500 zuwa 2,000 ƙarƙashin kulawar ƙwararre, da jarrabawa. Da yawa daga masu nemanta malamai ne da ma'aikatan jinya da ke karatu suna aiki. Sai dai daga farkon 2023 hukumar ta daina karɓar sababbin masu nema daga mafi yawan ƙasashen duniya, har da Najeriya.

Kuskure ne a ce Malam Abdullahi ne ya fara wannan fanni. Shi ya gina tarbiyya a kan niyya da tsoron Allah da hisabin lahira, su kuwa sun tsaya kan abin da ido ke gani, alƙalami ke ƙirgawa. Amma sun haɗu a wurare uku: a ambaci halin da ake son gyarawa da sunansa, a ba kowa abin da zai iya ɗauka, kuma a horar da mai horarwa yana bakin aikinsa, ƙarƙashin wanda ya fi shi sani.

Abin da ya rage wa Bagudo

Ƙaramar hukumar Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, wadda fadarta a Birnin Kebbi ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Yanki ne na kogi da kasuwar iyaka, daga Lolo da Illo zuwa Tsamiya da ke fuskantar Segbana ta Benin. A aji guda malami na iya samun yaran da ke jin Hausa da Fulatanci da Dendi da Busanci a gida, wasu sun fara karatu da Faransanci a ƙetaren iyaka. Cikinsu akwai mai saurin fahimta, akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, akwai wanda ba ya magana. Malamin da ba a koya wa wata dabara ba, bulala ce ke zama amsarsa ga dukkansu.

Irin wannan malami ba zai iya ajiye albashi da iyali ya tafi jami'a shekara biyu ba. Don irinsa aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, wadda ke ba da NCE da difloma ta gaba da digiri a fannin koyarwa ta hanyar karatu daga nesa. Akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, akwai kuma sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos. Samun takarda a waɗannan wurare mataki ne. Abin da tarihin zaman Kano ke tunatarwa shi ne a bi malamin har cikin ajinsa, a ga ko hannunsa ya sauya.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai, a can kuma kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sannan wani ɗan nasa, Halilu. A zamanin Halilu ne, a 1853, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Gwandu, ya kuma samu kwafin Tarikhus Sudan, babban littafin tarihin Songhai da Timbuktu, a hannun malaman garin. Shekara 24 bayan rasuwar mai garin, Gwandu tana nan a matsayin wurin da baƙo zai zo daga Turai ya tarar da littafin da yake nema.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya kai haske kabarinsa.